Baba Ya Ce In Zaɓa: Ko Karatu Ko Aikin Taimakon Marasa Lafiya

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce 'yar shekara 21, ina aji uku a wata jami'a a Arewa, ina karanta kimiyyar gwaje-gwajen asibiti. Tun ina aji biyu na shiga kwamitin jin ƙai na ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta makarantarmu. Da farko dubiya kawai muke zuwa ran Asabar, mu kai wa marasa lafiya sabulu da lemo, mu yi musu addu'a. Da tafiya ta yi tafiya sai muka fara tara kuɗi muna saya wa waɗanda suka gaza magani, muna kuma nemo masu ba da jini. Da yake ni na fi sanin kan asibiti, sai komai ya dawo kaina. Lambata ake bayarwa, kuma asusuna na banki ake turo gudummawa. Akwai wani yaro mai sikila da mahaifiyarsa kan kira ni ko da ƙarfe ɗayan dare ne idan ciwon ya motsa.

Matsalar ita ce karatuna ya ja baya. Bayan semesta uku CGPA ɗina, wato matsakaicin makina na duka jarrabawowi, 3.9 ne, yanzu bayan semesta biyar ya sauko 3.3, har da kwas ɗaya da na faɗi. Ban gaya wa Baba ba. Wani ɗan'uwanmu ne ya ga hotona a Facebook ina asibiti a ranar da ya kamata ina lakca, ya nuna masa. Baba ɗan fansho ne, da kuɗin fanshonsa yake ɗaukar nauyina. Ya ce in kawo sakamakona, da ya gani sai ya ce ba a tauna taura biyu, ko in bar aikin nan ko in tattaro kayana in dawo gida. Amirarmu kuma ta ce idan na janye aikin zai mutu, kuma Allah zai tambaye ni haƙƙin marasa lafiyar nan. Wallahi Anti ban taɓa jin daɗin ibada kamar yadda nake ji a wannan aiki ba. In na bari ina ganin na ci amanar Allah, in na ci gaba na saɓa wa Baba. Yaya zan yi?

Daga wata ɗaliba

Wa'alaikumus salam 'yata. Daɗin da kike ji a gefen gadon mara lafiya ba ɗokin ƙuruciya ba ne, kada ki yarda kowa ya raina miki shi. A hadisin Ƙudusi da Muslim ya ruwaito, Allah zai ce wa ɗan Adam ranar ƙiyama, na yi rashin lafiya ba ka gaishe ni ba. Idan bawan ya tambayi yadda haka za ta yiwu, sai a ce masa bawana wane ya kwanta ciwo, da ka je dubiyarsa da ka same ni a wurinsa. Yarinyar da ke haƙura da barcin safiyar Asabar ta hau adaidaita sahu zuwa asibiti saboda mutanen da ba ta haɗa dangi da su ba, ta san abin da take nema. Saboda haka ba zan ce ki yi watsi da aikin ba. Amma ba zan rufe ki ba, a wannan magana Babanki ya fi Amirarki gaskiya. Sannan akwai wani abu da kika faɗa a wuce wanda ya fi faɗuwar CGPA tayar mini da hankali, zan zo kansa.

Mu fara da Baba. Dattijo ne da ke zaman jiran alat ɗin fansho, in ya shigo ya gutsiri kuɗin rajista, ya gutsiri na ɗaki, ya gutsiri na abinci, abin da ya rage shi ne na cefanen gida. Kin fi ni sanin yadda jami'o'i da dama suka ƙara kuɗin rajista tun 2023, kuma iyayen da suka ga yajin aikin ASUU na 2022 ya cinye wa 'ya'yansu wata takwas ba sa wasa da duk abin da zai ƙara wa karatu ko semesta ɗaya. Abu biyu ne suka ɓata masa rai, kuma ina zaton na biyun ya fi zafi. Sakamakon ya faɗi, wannan ɗaya. Sannan labarin 'yarsa a wayar wani ya gan shi. Uba na iya jure a ce masa an faɗi kwas, amma a miƙo masa waya a ce ka ga wance, ya yi shiru don bai san komai ba, wannan kunya ce da ke daɗewa a ƙirji. Akwai kuma abin da ƙila bai furta ba: 'ya mace a garin da ba nasu ba, ana kiranta ƙarfe ɗayan dare. Ba ki gaya mini ko kina fita in an kira ba. In kina fita, ki daina daga yau, ko da Baba bai taɓa sani ba.

Ta fuskar addini ma ba amana biyu masu nauyi ɗaya ba ne suka haɗe miki. Malamai sun raba farillar da ke kan kowane mutum shi kaɗai da wadda idan wasu suka yi ta sauka daga kan sauran. Taimakon mara lafiya mabuƙaci nauyi ne a kan al'umma baki ɗaya: danginsa, maƙwabtansa, masu hali, hukuma. Biyayya ga iyaye a abin da ba saɓo ba kuwa taki ce ke kaɗai, ba wanda zai ɗauke miki ita. Wani mutum ya zo wurin Annabi (SAW) yana neman izinin fita jihadi, sai ya tambaye shi ko iyayensa na raye. Ya ce e. Ya ce to a kansu za ka yi jihadinka. In har fita jihadi za a jingine saboda iyaye, ziyarar Asabar ba za ta gagara jinginewa ba. Kuma Baba bai ce ki saɓa wa Allah ba, cewa ya yi ki riƙe abin da ya tura ki yi.

Ita kuma Amira, kada ki riƙe ta a zuciya. Ɗaliba ce kamarki, tsoro ne ya kama ta don ta san in kika tafi kayan a kanta za su faɗo. Sai dai maganar da ta faɗa miki ta fi ƙarfin bakinta. Ƙarshen Suratul Baƙara ya ce Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya, kuma ba ɗalibar da ke da ikon yanke wa 'yar'uwarta abin da za a tambaye ta gobe ƙiyama. In da gaske ne aikin zai mutu saboda mutum ɗaya ta janye, to kwamitin ne ke da ciwo, ba ke ba. Ko ba wannan rigimar, nan da shekara biyu da rabi za ki gama ki tafi, sai su yi yaya? MSSN, wato ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Najeriya, tun 1954 aka kafa ta a Legas, kuma shugabannin rassanta na jami'o'i ɗalibai ne da ke gama karatu su wuce. Abin da ya raya ta fiye da shekara saba'in shi ne masu tafiya suna koya wa masu zuwa. Kwamitinku bai yi wannan ba, ya ga yarinya mai himma ya jibga mata komai, ke kuma kunya da daɗin aikin suka hana ki cewa ya isa.

Ki tuna da Salmanul Farisi lokacin da ya sauka a gidan ɗan'uwansa Abud Darda'i. Ya tarar da matar gidan ba ko kwalliya, ta ce masa ai ɗan'uwanka ba ruwansa da duniya. Aka kawo abinci, mai gida ya ce yana azumi, Salman ya ce ba zai ci ba sai sun ci tare. Da dare Abud Darda'i ya miƙe zai yi nafila, Salman ya ce kwanta, ya sake miƙewa ya ce kwanta, sai ƙarshen dare suka tashi suka yi tare. Sannan ya ce masa Ubangijinka na da haƙƙi a kanka, ranka na da haƙƙi a kanka, iyalinka na da haƙƙi a kanka, ka ba kowa haƙƙinsa. Da labari ya kai ga Annabi (SAW), cewa ya yi Salman ya yi gaskiya. Abin lura shi ne ba saɓo aka hana Abud Darda'i ba, ibada ce, kuma yana jin daɗinta kamar yadda kike jin daɗin taki.

Yanzu mu yi lissafi, don da shi za ki je gaban Baba. In nauyin kwasa-kwasanki kusan ɗaya ne kowane semesta, saukowa daga 3.9 zuwa 3.3 na nufin a semesta biyun nan wajen 2.4 kike samu. A tsarin maki biyar, digiri mai daraja ta biyu babba daga 3.50 yake farawa. Karatunki na shekara biyar ne, saura semesta biyar ke nan, kuma in kika riƙa samun 3.7 a kowanne za ki koma 3.50. Wadda ta taɓa riƙe 3.9 ba za ta ce 3.7 ya fi ƙarfinta ba. Amma in kika ƙara semesta ɗaya irin na baya, abin da za ki buƙata a sauran huɗun zai haura 4.0, ga kwas ɗin da za ki maimaita, ga zuwa asibiti na horo, ga firojet na jiran ki. Ki je wurin kodinetan ajinku a wannan makon ya duba miki lissafin da ainihin nauyin kwasa-kwasanki, kuma ki tabbata kina cika kashi 75 na halartar lakca da galibin jami'o'inmu ke nema kafin a zauna jarrabawa.

Kuma dubi abin da kike karantawa, 'yata. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila a duniya, ana ƙiyasta jarirai wajen 150,000 ake haifa da ita duk shekara. Idan mata da miji duka AS ne, wato suna ɗauke da ƙwayar gadon sikila amma ba su da ciwon, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS, wato mai sikila. A 2024 Jihar Kano ta yi dokar tilasta gwajin lafiya kafin aure, har da na jinotayif. To wa zai zauna a ɗakin gwajin ya fitar da sakamakon da ba kuskure? Wa zai gwada jinin da za a ƙara wa yaron nan ya tabbatar ya dace da nasa kuma ba cuta a ciki? Irinki ne. Takardar sakamako guda da aka rubuta AA a maimakon AS tana iya jefa gida cikin jinyar shekara ashirin. Lakcar ilimin jini da kika tsallake don ki kai wa wani magani, hidimar marasa lafiya ce ita ma, sai dai ba a ɗaukar ta a hoto kuma ba mai yi miki addu'a a take.

Sai abin da na ce ya fi tayar mini da hankali: kuɗin jama'a a asusunki. Ban zarge ki da komai ba. Amma asusun da Baba ke turo miki kuɗin abinci shi ne wanda baƙi ke turo sadaka, a ciki kike sayen kati, a ciki kike biyan kuɗin magani. Ranar da wani zai rubuta a guruf ɗin WhatsApp cewa ya turo dubu ashirin bai ga inda ta shiga ba, ba wanda zai tuna dararen da kika hana idonki barci. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma salihan bayi aka fara yi wa umarnin. Annabi (SAW) da kansa, da wasu sahabbai biyu suka gan shi da dare yana raka wata mace, sai da ya tsayar da su ya ce matarsa Safiyya ce, don kada Shaiɗan ya jefa musu wani abu a zuciya. Wanda ya fi kowa tsarki bai bar ƙofar zargi a buɗe ba.

Wannan ba ya jiran ƙarshen semesta. Ki nemi banki ya ba ki bayanin shige da ficen asusunki tun daga ranar da gudummawar farko ta shigo. Ki zauna da mutum biyu daga kwamiti da malamin da ke uban ƙungiyar, a bi layi-layi: wannan sadaka ce, wannan kuɗin Baba ne, wannan ga rasit ɗinsa, wannan ba rasit amma wance shaida ce. In lissafi ya nuna giɓi, ko na naira dubu biyu ne da ya shige cikin kuɗin motarki ba da sani ba, ki faɗa da bakinki ki biya. Abin da ya rage a mayar da shi asusun ƙungiya mai sa hannun mutum biyu, a sanar da duk masu bayarwa cewa an daina turowa ta wurinki. Daga nan kuɗin magani a riƙa biyan sa kai tsaye a wurin biyan kuɗi na asibiti ko a kantin magani, a karɓi rasit, kada a danƙa wa kowa a hannu. Ba rashin yarda da talaka ba ne. Duk wanda ya daɗe a harabar asibiti ya san akwai masu yawo da tsohuwar takardar likita suna bin masu tausayi.

Maganar mahaifiyar yaron nan ita za ta fi yi miki wuya, na sani. Amma ki duba da kyau, kiran da take miki da dare ba taimakon yaron ba ne. Mai sikila in ciwo ya tashi da zazzaɓi, ko numfashi ya yi sama-sama, ko ya yi fari fat, sashen gaggawa ake kai shi nan take, kuma duk mintin da ta ɓata tana neman ɗaliba a waya jinkiri ne. Abin da take buƙata ya fi lambarki. Ki raka ta da rana, sau ɗaya, zuwa sashen walwalar marasa lafiya da manyan asibitoci ke da shi don masu ƙaramin ƙarfi. A tabbatar yaron na da kati a asibitin masu sikila yana zuwa a kan kari. A tambaya a hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar ko zai shiga tsarin marasa galihu, a kuma kai takardarsa hukumar zakka in jihar na da ita, kamar yadda Kano da Sakkwato da Zamfara suke da su. Ki haɗa ta da 'yan kwamiti biyu da za su riƙa karɓa-karɓa. Sannan ki gaya mata gaskiya da bakin girmamawa: Mama, mahaifina ya ce in mayar da hankali kan karatu, ban yar da ku ba, ga waɗanda za ki riƙa kira. Uwa ce, ta san abin da ake nufi da maganar uba.

Hoton da ya tona ki ma abin dubawa ne. In fuskarki ta fita a Facebook, ta mara lafiyar da ke kwance ma ta fita, shi kuwa ba a tambaye shi ba, ko an tambaye shi a lokacin da ba zai iya cewa a'a ba. Ku nuna wa masu bayarwa rasit, ku bar fuskokin mutane.

To sai zuwa gaban Baba. Kada ki yi ta waya, kada kuma ki je da ayoyi da hadisai kina kare kanki, ya riga ki sanin su. Ki fara da Mama ko wata gwaggo da yake jin maganarta, ta share miki hanya. In kin durƙusa, haƙurin ɓoye masa za ki fara bayarwa kafin na sakamakon, kuma kada ki haɗa da "amma". Ki ce kin karɓi umarninsa, wannan semesta kin ajiye aikin gaba ɗaya, ki kuma ajiye shi da gaske. Ki nuna masa takardar da ke nuna kin miƙa kuɗi da ragamar aiki, ki nuna masa lissafin 3.7 ɗin. Sai a ƙarshe ki roƙi alfarma guda: in sakamakon semestan ya fito ya kai abin da kika yi alkawari, ya yarje miki Asabar biyu a wata, da rana, cikin ayari, ba ranar lakca ba, ba makon jarrabawa ba. Ki ce shi zai fara ganin sakamakon kafin kowa. Iyaye da yawa da suka ce a'a cikin fushi sukan sassauta in suka ga an ba su girmansu an kuma zo da tsari.

In ya ce a'a har ki gama, ki bi, kada ki koma yi a ɓoye. Ƙofofin da ba sa cin lokacin lakca suna da yawa. Kafin ki miƙa aiki, ki tsara wa kwamiti rajistar masu ba da jini: suna, rukunin jini, ranar da mutum ya bayar na ƙarshe, tunda namiji sai bayan wata uku yake sake bayarwa, mace bayan wata huɗu. Wannan aikin yamma ɗaya ne a ɗakinki, kuma zai yi amfani bayan kin bar makarantar. Ke ma, in nauyinki ya kai kilo 50 kuma an gwada jininki ya isa, kina iya bayarwa da sanin Baba. Kina iya zaunar da 'yan aji ɗaya ki warware musu kemistiri a masallacin ɗakin kwananku, wanda ke ma bita ce gare ki. In an yi dogon hutu kuwa, ga asibitin garinku, ga Islamiyyar unguwa, ga reshen FOMWAN, haɗaɗɗiyar ƙungiyar mata Musulmi ta Najeriya, wadda tun kafa ta a Minna a 1985 take aikin makarantu da lafiyar mata, duk a gaban idon Baba kuma da albarkarsa. Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma bautar ƙasa na tafe da ranar hidimar al'umma duk mako, ga shekarun aiki bayanta.

Ita Amira ki same ta ku biyu, ba a guruf ba. Ki ce mata kin ba kwamiti mako biyu, a ciki za ki koya wa mutum uku abin da kika sani: wane ofishi ake zuwa, wace nas ake gaisarwa kafin a shiga ɗaki, yadda ake karanta takardar magani, yadda ake neman jini. A sayi layin waya na kwamiti wanda zai riƙa zagayawa, a cire lambarki daga duk sanarwa. In ta sake kawo maganar tambayar Allah, kada ki yi musu da ita, ki ce ku je tare wurin malamin da ke uban ƙungiyar ya raba muku. Gobe da safe kuma, kafin komai, banki za ki fara zuwa. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba yaron nan lafiya, Ya huci zuciyar Baba. In sakamakon semestan ya fito, ki rubuto mini.